Yadda Ake Shirya Linux Mint Ta Yi Kama da Windows Domin Wanda Zai Sauya

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, in ban da ɗan ƙarin wa'adi da ya buɗe wa waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa ba kowace kwamfuta take karɓa ba, domin tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel tana neman injin sarrafa bayanai (processor) da ya fito daga zubi na takwas zuwa sama. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ake sayarwa a kasuwanninmu, irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470, 'yan zubi na shida ne. Lafiyarsu ƙalau, suna buga takardu, suna shiga intanet, amma ƙofar Windows 11 a rufe take gare su. Mai irin wannan kwamfuta, idan ba ya son zama da babbar manhajar da aka daina toshe mata ɓaraka, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya koma Linux, wata babbar manhaja da ke iya maye gurbin Windows.

Matsalar da ake samu ba a wajen ɗora Linux take ba. Tana wajen mutumin da zai zauna gaban kwamfutar washegari, wanda ya shekara goma hannunsa yana zuwa kusurwar hagu ta ƙasa ba tare da ya yi shawara da kansa ba. Abin da nake so mai wannan aiki ya riƙe tun farko shi ne, hannu ne ya yi haddar Windows, ba ido ba. Launi da hoton bango su ne suka fi ɗaukar hankali, amma su ne mafi ƙarancin amfani. Abin da ke sa mutum ya zauna ko ya gudu shi ne ko ya tarar da abubuwa a inda ya saba barinsu, ko maɓallan da ya saba dannawa sun amsa masa, da kuma ko takardar da ya tura wa wani ta buɗe yadda ya shirya ta. A kan wannan ma'auni na jera matakan da ke tafe.

Zaɓin Linux ɗin da za a ɗora

Linux iri-iri ce, amma biyu ne suka fi dacewa da wannan buƙata. Akwai Zorin OS, wadda wasu 'yan'uwa biyu, Artyom da Kyrill Zorin, suke haɗawa a Dublin ta ƙasar Ayilan, kuma tana da wata manhaja mai suna Zorin Appearance da ke sauya fasalin fuskar kwamfuta da dannawa ɗaya, sai dai wasu daga cikin fasalolin sai an sayi sigar kuɗi. Akwai kuma Linux Mint, wadda Clément Lefèbvre ya fara a 2006, kuma ita na zaɓa a nan saboda komai nata kyauta ne, fuskarta mai suna Cinnamon tun asali tana da sanda a ƙasa da jerin manhajoji a hagu, sannan jerin sigogi na 22 yana da kulawa har zuwa 2029. Masu ita sun ce tana tashi da RAM mai giga 2, amma giga 4 ne ake samun natsuwa da shi. Idan kwamfutar ta tsufa ƙwarai, sai a ɗauki sigar Xfce, wadda fuskarta ta fi rashin nauyi, ko da yake sunayen wuraren da zan ambata na Cinnamon ne.

Tambayar da ake yi kafin a taɓa komai

Ka zauna da mai kwamfutar ka sa ya nuna maka aikinsa na yini guda, ka rubuta sunan kowace manhaja da ya buɗe. Idan abin da ya buɗe bai wuce Word da Excel da Chrome da WhatsApp da VLC ba, aikinka mai sauƙi ne. Idan kuwa mai shagon buga takardu ne da abincinsa ya rataya a kan CorelDRAW ko Photoshop, to ka gaya masa gaskiya cewa waɗannan ba su da sigar Linux, kuma ko da akwai manhajar Wine da ke tayar da wasu shirye-shiryen Windows, ba abin da za a jingina sana'a da shi ba ne. Irin wannan mutumin a bar masa Windows a gefe guda na faifan, ko a bar shi da ita gaba ɗaya.

Bayan haka ka kwashe fayilolinsa zuwa wani faifai na waje, ka kuma buɗe kaɗan daga cikinsu a wata kwamfutar don tabbatar da sun kwafu. Kada ka manta da kalmomin sirrin da ke ajiye a manhajar shiga intanet, domin mutane da yawa ba su san nasu da ka ba. Sannan ka ɗauki hoton fuskar kwamfutarsa da waya yadda take a yau, da alamomin da ke warwatse a kanta da waɗanda ya maƙala a sandar ƙasa. Wannan hoton shi ne zanen da za ka yi gini a kansa. Idan za a bar Windows a gefe, ka shiga Control Panel, ka je Power Options, ka kashe abin da ake kira fast startup, don idan yana kunne Windows ba ta rufe faifanta gaba ɗaya, Linux kuma za ta ƙi yin rubutu a cikinsa. Idan faifan yana kulle da BitLocker, wato makullin faifai na Windows, ka nemo mabuɗinsa ka rubuta a takarda tukuna.

Gwaji da ɗorawa

Ka sauke fayil ɗin ISO, wato wanda ake ɗora Mint da shi, daga shafin Linux Mint na ainihi, nauyinsa ya kusa giga 3, ka rubuta shi a filashi mai giga 8 da Rufus ko balenaEtcher. Ka kunna kwamfutar kana danna F9 idan HP ce, ko F12 idan Dell ce ko Lenovo, ka zaɓi filashin. Mint za ta tashi daga filashin ba tare da ta taɓa faifan ciki ba, kuma a nan ne za ka gwada Wi-Fi da sauti da kyamara, ka kuma jona injin buga takardu ka ga ko ya fitar da shafi. Idan komai ya amsa, ka danna alamar Install Linux Mint, ka sa alama a akwatin multimedia codecs domin bidiyo da sauti su riƙa buɗewa, ka zaɓi ko dai ɗorawa kusa da Windows ko share faifan gaba ɗaya, sannan a taswirar lokaci ka zaɓi Legas ko Yamai. Ka tabbatar batir a cike yake ko akwai tsayayyar wuta, domin ɗaukewar wuta a daidai lokacin raba faifai ita ce babban haɗarin wannan matakin.

Da zarar ta tashi, kafin ka fara kwalliya, ka buɗe Update Manager ka sabunta komai, ka leƙa Driver Manager, sannan ka buɗe Timeshift ka ɗauki hoton tsarin, wato kwafin da za a koma gare shi idan wani abu ya lalace. Ka sani cewa Timeshift, yadda ta zo, fayilolin tsarin take adanawa, ba takardun mai kwamfuta ba.

Sandar ƙasa

Yanzu ka ɗauko hoton da ka ɗauka da waya. Idan mutumin daga Windows 7 ko 10 ya fito, rabin aikin an riga an yi maka, saboda maɓallin jerin manhajoji yana hagu, agogo yana dama, kuma a can ƙarshen dama akwai siririn maɓallin da ke kawar da tagogi ya nuna fuskar kwamfuta. Abin da ya rage shi ne jera manhajojinsa. Ka buɗe jerin manhajoji, ka danna dama a kan kowace, ka zaɓi Add to panel, sannan ka ja su da linzami har su yi jeri irin na hoton. Idan Chrome ce ta biyu a wurinsa bayan jakar fayiloli, to ta zama ta biyu a nan ma. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma na lura shi ne yake rage yawan kiran waya a makon farko.

Idan kuwa ya saba da Windows 11, wadda alamominta ke tsakiya, ka danna dama a kan sandar, ka kunna Panel edit mode, sai ka ga sandar ta rabu gida uku masu launi. Ka ja maɓallin jerin manhajoji da rukunin tagogi zuwa gidan tsakiya, sannan ka kashe yanayin gyaran. Mutane kan manta su kashe shi, sai su ga alamomin sun daina buɗewa su zaci wani abu ya lalace.

Maɓallin jerin manhajoji ma yana karɓar gyara. Ka danna dama a kansa, ka shiga Configure, ka kunna zaɓin sauya alama da suna, ka rubuta Start ko ka rubuta Fara. Wanda ya ƙallafa rai a kan fasalin Windows 7 zai iya samun makamancinsa ta hanyar shiga Applets, sashen Download, ya nemo CinnVIIStarkMenu, ya ɗora shi a sandar ya cire na asali. Ni dai na fi barin na asali, domin irin waɗannan ƙarin masu sa kai ne suke rubuta su, kuma wani lokaci sabuntawa kan zo ta bar su a baya. Shi ma na asalin yana yin abin da ya fi muhimmanci, wato ka danna maɓallin da ke da tambarin Windows a allon rubutu, ka fara rubuta sunan manhaja, ta fito.

Agogon Windows yana nuna lokaci a sama da kwanan wata a ƙasa. Don samun haka, ka danna dama a kan agogon, ka shiga Configure, ka kunna tsarin kwanan wata na kanka, ka rubuta `%H:%M%n%d/%m/%Y` a akwatin.

Alamomin fuska da jakar fayiloli

Tun daga siga ta 21.1 Mint ta daina nuna alamomin Computer da Home da Trash a fuskar kwamfuta, wanda ya zo daga Windows kuwa yana ganin fili wayam sai hankalinsa ya tashi. Ka shiga System Settings, ka buɗe Desktop, ka kunna su duka tare da Mounted Drives, domin filashi ya riƙa bayyana da zarar an soka shi.

Manhajar fayiloli ta Mint sunanta Nemo, kuma ɗabi'arta ba ta yi nisa da ta Windows ba: dannawa biyu ke buɗe fayil, F2 ke sauya suna, Delete ke kai shi kwandon shara. Inda kamar ta ƙare shi ne babu faifan C kuma babu D. Kayan mutum duka suna cikin jakar Home, a ciki akwai Documents da Downloads da Pictures, don haka ka mayar da fayilolinsa kowanne gidansa. Idan ya saba cewa aikinsa yana cikin D, ka buɗe masa jaka mai wannan sunan, ka shiga cikinta ka danna Ctrl da D, sai ta maƙale a jerin hagu inda zai riƙa ganinta kullum. Ka kuma nuna masa cewa a nan babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a sunan fayil, wato Wasika da wasika fayiloli biyu ne daban.

Maɓallan da hannu ya haddace

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Da yawa daga cikin gajerun hanyoyin Windows suna aiki yadda suke: Alt da Tab, Alt da F4, maɓallin Windows da E don buɗe fayiloli, maɓallin Windows da D don nuna fuska, maɓallin Windows da kibiyar hagu ko dama don jingine taga a rabin allo. Amma akwai guda uku da ke ba da kunya.

Na taɓa shirya wa wata mai buga takardu a ofishin wata makaranta kwamfuta, na yi mata duk kwalliyar da na iya, har da shuɗin bango. Lokacin sallar azahar ya yi, ta danna maɓallin Windows da L kamar yadda ta saba don kulle allo, ta ɗauki hijabinta ta fita. Da ta dawo sai ta tarar da kwamfutar a buɗe, takardar sakamakon jarrabawa na nan a fili, ga kuma wata baƙuwar taga cike da rubutun da ba ta gane ba. A Cinnamon wannan haɗin maɓallan yana buɗe Looking Glass ne, kayan aikin masu gyaran manhaja, kulle allo kuwa yana kan Ctrl da Alt da L. Laifina ne, don na tsaya gyaran launi na bar abin da hannunta ke yi sau biyar a yini. Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Ka shiga System Settings, ka buɗe Keyboard, sashen Shortcuts, ka nemo Lock screen a ƙarƙashin System, ka danna gurbin da babu komai, sannan ka danna maɓallin Windows da L. Zai gaya maka cewa wani aiki yana riƙe da su, ka amince a ƙwace.

Na biyu shi ne Ctrl da Shift da Esc, wanda ake kiran Task Manager da shi idan manhaja ta daskare. A wannan shafin dai, ka zaɓi Add custom shortcut, ka ba shi suna, a wurin umarni ka rubuta `gnome-system-monitor`, sannan ka ɗaura masa maɓallan uku. Na uku shi ne maɓallin Windows da Shift da S na yanko hoton wani ɓangare na allo. A cikin jerin gajerun hanyoyin ɗaukar hoton allo akwai wanda ke kwafe yanki, sai ka ƙara masa wannan haɗin. Idan ka gwada ka ga jerin sauti ne ya buɗe, alamar lasifika ce ta riga ka, don haka ka shiga Configure nata ka goge abin da ta riƙe.

Tunda kana shafin Keyboard, ka leƙa sashen tsare-tsaren rubutu ka ƙara na Hausa. Akwai na Najeriya, akwai na Gana, kuma da su ake samun ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba tare da an ɗora wata manhaja ba. Ka buɗe hoton tsarin ka nuna wa mai kwamfutar inda kowane baƙi yake, sannan ka saita sauyawa tsakanin Turanci da Hausa a kan haɗin da ya saba, ko Alt da Shift ko maɓallin Windows da Space.

Takardun ofis

Mint tana zuwa da LibreOffice, kuma abubuwa uku ake yi mata. Na farko, a cikin Writer ka buɗe View, ka zaɓi User Interface, ka ɗauki Tabbed, ka kuma zartar da shi a kan dukkan manhajojin, sai kayan aikin su jeru a sama shafi-shafi kusa da yadda Office take tun daga 2007. Na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, ka shiga Tools, Options, Load/Save, General, ka mayar da ajiyar takardun rubutu zuwa docx, ta lissafi zuwa xlsx, ta gabatarwa zuwa pptx. Idan ba ka yi haka ba, zai tura wa shugabansa fayil mai ƙarewa da odt, wancan ya kasa buɗewa a waya, shi ke nan an yanke wa Linux hukunci.

Na uku shi ne salon haruffa. Takardar da aka shirya da Calibri ko Times New Roman, idan babu su ko makamantansu, layukanta kan zame har shafi ɗaya ya koma biyu. Ka buɗe Terminal, tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta `sudo apt install ttf-mscorefonts-installer fonts-crosextra-carlito fonts-crosextra-caladea`. Kunshin farko yana kawo Arial da Times New Roman da Verdana da 'yan'uwansu, kuma zai tsaya a wani allo na yarjejeniya inda linzami ba ya aiki, sai ka danna Tab sannan Enter. Carlito faɗin haruffansa daidai yake da na Calibri, Caladea kuma da na Cambria, don haka shafuka ba sa motsi. Sigogin da ke cikin kunshin farko tsofaffi ne, saboda haka mai rubutun Hausa ya gwada baƙaƙe masu lanƙwasa a cikinsu, idan ya ga sun fita daban da sauran, ya koma Noto Sans ko DejaVu. Takardar da ba a son ta motsa ko kaɗan, kamar ta neman aiki, a fitar da ita a PDF.

Chrome da Microsoft Edge duk suna da sigar Linux a shafukansu, kuma idan mutum ya shiga da asusunsa kayansa za su biyo shi. WhatsApp kuwa, ka buɗe Web Apps da ke cikin Mint, ka sa adireshin WhatsApp Web, sai ta samu alamarta da tagarta, ka maƙala ta a sandar ƙasa.

Kwalliya

Sai yanzu muka iso ga launi. A System Settings akwai Themes, kuma ga yawancin mutane ya wadatar a zaɓi Mint-Y mai shuɗi, a mayar da kibiyar linzami zuwa DMZ-White, a sa hoton bangon da mutum ya saba. Mai son ƙari zai iya sauke rigar (theme) Windows 10 ta B00merang Project daga shafin GitHub, ya warware ta, ya buɗe Home ya danna Ctrl da H don ɓoyayyun jakunkuna su bayyana, ya zuba rigar a jakar `.themes` da alamomin a jakar `.icons`, idan babu su ya ƙirƙira, sannan ya zaɓe su a saitin Themes na zurfi. Wasu manhajojin, musamman waɗanda aka ɗora ta Flatpak, wata hanyar ɗora manhajoji, ba za su sa rigar ba, kuma wannan ba lalacewa ba ce.

Ba na ba da shawarar a liƙa tambarin Microsoft a ko'ina. Tambarin mallakar kamfani ne, kuma an taɓa yin shari'a a kan abin da bai kai haka ba, lokacin da Microsoft ya kai kamfanin Lindows kotu a 2001 saboda kamar suna, rigimar da ta ƙare a 2004 da sulhu, kamfanin ya koma Linspire. Amma dalilin da ya fi wannan kusa da mu shi ne, idan kamar ta yi yawa mutum zai ɗauka Windows ce da gaske, ya sauke fayil mai ƙarewa da exe, ya yi ta dannawa, ya ce kwamfutar ta lalace. Gara ya san cewa wata babbar manhaja ce aka shirya masa ita yadda ya saba, kuma manhajoji daga Software Manager ake ɗaukarsu.

Ranar miƙa kwamfuta

Idan ka bar Windows a gefe, za ka ga agogonta yana kuskure da awa guda duk lokacin da aka dawo daga Linux, saboda Linux tana ajiye agogon na'ura a kan lokacin UTC, wato GMT, Windows kuma tana ɗaukarsa lokacin gida, mu kuwa a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya. Umarnin `timedatectl set-local-rtc 1` a Terminal yana daidaita su. Sannan ka adana aikin da ka yi da `dconf dump /org/cinnamon/ > fuska.txt`, ka kwafe wannan fayil ɗin tare da jakar `.config/cinnamon`, domin idan za ka shirya kwamfutoci goma a ofis ɗaya, `dconf load /org/cinnamon/ < fuska.txt` zai rage maka maimaici. Idan sandar ta rikice wata rana, Ctrl da Alt da Esc suna sake tayar da Cinnamon ba tare da an rufe takardun da ke buɗe ba.

Daga nan ka tashi daga kujerar ka ba mai kwamfutar, ka sa hannuwanka a aljihu. Ka ce ya buɗe tsohuwar wasiƙa, ya gyara layi guda, ya ajiye, ya buga ta a takarda, ya kwafe ta a filashi, ya cire filashin ta hanyar da ta dace, ya kulle allo. Duk inda ka ga linzaminsa ya je ya tsaya yana lalube, ka rubuta wurin ka gyara kafin ka tafi. Ka nuna masa alamar garkuwa da ke kusa da agogo, ka gaya masa cewa idan ta nuna akwai sabuntawa ya danna ta ya sa kalmar sirrinsa, kuma ya fi kyau ya yi hakan lokacin da yake da isasshen data. Ka bar faifan da ka kwashe fayilolinsa a ciki yadda yake har tsawon wata guda, kada ka share shi.